Yadda Ake Gano Matsalar Sauti a Tsohuwar Na'urar Majigi ta Gida da Yadda Ake Gyara Ta

Tsohuwar na'urar majigi takan ci gaba da haska hoto tangaran shekaru da yawa bayan sautinta ya fara lalacewa, domin hoto ba ya buƙatar komai sai fitila da gilashi da haƙoran da ke jan fim, amma sauti ya dogara ne ga roba da giris da ƙananan kayan lantarki, waɗanda duk tsufa ke ci ko ana aiki da na'urar ko tana ajiye a saman kabad. Mafi yawan waɗannan matsaloli ana iya magance su a gida da auduga da sifirit da haƙuri, matuƙar an fara da saurare kafin a ɗauki sukudireba. Wanda ya buɗe na'urar ya hau kwance notuna bai san inda ciwon yake ba, yakan ƙara mata wani ciwon da ya fi na farko wuyar magani.

Na'urorin da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai masu ɗaukar fim mai faɗin milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, kuma irinsa ne motocin majigi suka riƙa yawo da shi gari-gari a Arewa tun zamanin Turawa. Akwai kuma masu ɗaukar Super 8, wanda ya fito a 1965, aka kuma fara sayar da nau'insa mai ɗaukar murya a cikin kyamara a 1973. Sunayen da aka fi cin karo da su su ne Elmo da Eiki da Sankyo da Chinon daga Japan, Eumig daga Ostiriya, Bauer daga Jamus, sai Bell & Howell da Kodak daga Amurka.

Yadda sautin yake fitowa daga jikin fim

Hanya biyu ake rubuta sauti a gefen fim, kuma wajibi ne mutum ya san wacce yake fama da ita. Ta farko ita ce ta maganaɗisu: wani siririn layi ne mai launin ƙasa-ƙasa da aka shafa a gefen fim, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba a Super 8, kuma hed ne yake karanta shi kamar yadda ake yi a rediyo mai kaset. Ta biyu ita ce ta haske: zane ne mai kauri da siranta da aka buga a gefen fim, wata ƙaramar fitila ta daban tana haska shi ta cikin ɗan gilashi, hasken ya ratsa ya faɗa kan wani ido mai mayar da haske lantarki. Finafinan gida na Super 8 kusan duk na maganaɗisu ne, finafinan milimita 16 kuwa galibinsu na haske ne. Idan aka ɗaga fim ɗin a gaban taga za a gane nan take, domin layin maganaɗisu ba ya barin haske ya wuce, na haske kuwa ana hango zanensa.

Akwai wani abu guda da ya kamata a riƙe, domin rabin matsalolin sauti daga nan suke tasowa. A gaban fitilar hoto fim yana tafiya ne da tsalle-tsalle, ya tsaya ya motsa sau 18 ko 24 a kowace daƙiƙa, amma a wurin karanta sauti dole ya riƙa zamewa sumul ba tare da ko ɗan gargada ba. Shi ya sa aka raba wuraren biyu, aka sa sautin ya riga hotonsa: da hotuna 18 a Super 8 na maganaɗisu, 22 a Super 8 na haske, 26 a milimita 16 na haske, 28 kuma a milimita 16 na maganaɗisu. Tsakanin wuraren biyu akwai lanƙwasar fim mai sassauci wadda ke shanye tsallen, da rola ta roba mai danne fim, da wani dunƙulallen ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a bayan na'urar don daidaita gudu.

Mataki na farko: a duba wutar da na'urar take so

Kafin a soka fulogi, a karanta ƙaramin allon da ke jikin na'urar. Wadda aka ƙera don Amurka tana aiki da bolt 110 zuwa 120, ta Japan bolt 100, alhali wutar Najeriya da Nijar bolt 220 ce zuwa 240. Sokawa ɗaya ta isa ta ƙone amfilifayar, wato ɓangaren lantarkin da ke ƙara ƙarfin sauti kafin ya isa lasifika. Wasu na'urorin suna da wurin zaɓen ƙarfin wuta a ciki ko a baya, wasu kuwa sai an nemo musu taransifoma mai rage wuta, kuma a tabbatar girmanta ya kai, domin tsofaffin na'urorin milimita 16 suna amfani da kwan fitila mai wat 750 ko 1000.

Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne taransifoma ƙarfin wuta kawai take canzawa, ba ta canza saurin kaɗawarta. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Na'urar da injinta ke bin kaɗawar wuta, idan an gina ta don 60 aka kawo ta nan, za ta yi gudun kashi biyar cikin shida na abin da aka tsara mata, wato hotuna 20 a maimakon 24, sai a ji muryoyi sun yi kauri suna jan ƙafa alhali babu abin da ya lalace. Wasu samfuran suna da wurin mayar da bel daga wannan gurbi zuwa wancan, an rubuta 50 da 60 a jiki, wasu samfuran Eumig ma ana daidaita hakan a kan sandar injin. Waɗanda gudunsu ke hannun na'urar lantarki, irin su Elmo GS-1200, wannan bai dame su ba. Haka kuma ba a gwada sauti a kan ƙaramin janareta, domin gudunsa yana hawa da sauka, kuma sautin zai bi shi har mutum ya ɗora wa majigin laifin da ba nasa ba.

Mataki na biyu: a zaɓi fim ɗin gwaji

Kada a yi gwaji da fim ɗin bikin iyaye ko na wata tafiya da babu kwafinsa a ko'ina. A nemi wani fim mai sauti wanda ba a damu da shi ba, wanda kuma aka san sautinsa lafiya yake, zai fi kyau idan akwai magana da kiɗa a ciki, domin magana tana nuna tsabtar sauti, kiɗa mai jan amo kuma yana tona asirin gudu. Na'urorin maganaɗisu da yawa suna ɗaukar murya, suna da maɓalli, galibi ja, wanda idan aka danna shi fim yana tafiya zai goge sautin da ke kai har abada. Mai hankali yakan liƙe wannan maɓalli da salatif kafin ya ɗora fim mai daraja.

Shi kansa fim ɗin a dube shi. Idan aka buɗe gwangwaninsa aka ji tsami irin na ruwan kal, jikinsa ya fara ruɓewa ke nan, yakan tsuke ya kuma kantare, ba zai kwanta daidai a kan hed ba, kuma babu gyaran na'urar da zai daidaita sautinsa. Layin maganaɗisu yakan ɓare a wasu wurare, a ji sauti yana ɗaukewa yana dawowa a wuri guda duk lokacin da aka maimaita. Matsalar da ke dawowa a daidai wuri ɗaya na fim ta fim ce, wadda ke bin kowane fim kuwa ta na'ura ce.

Mataki na uku: a raba hanyar sauti biyu

A kunna na'urar babu fim a ciki, a kunna amfilifaya, a murɗa ƙarar sauti a hankali, a kai kunne kusa da lasifika. Amfilifaya mai rai takan yi ɗan huci siriri wanda ke ƙaruwa idan an ƙara murɗawa. Idan na'urar tana da wurin soka makirufo ko wata na'urar sauti, kuma tana fitar da shi ta lasifika, a gwada. A na'urar haske akwai gwaji mai sauƙi: a tabbatar ƙaramar fitilar sauti tana ci, a ɗauki ɗan guntun kati a riƙa gitta shi da sauri ta cikin siririn hasken, za a ji lasifika tana yin bum, bum. Idan an ji haka, to daga fitilar har zuwa lasifika hanya a buɗe take, sauran bincike ya koma kan tsabta da yadda fim ke tafiya. Idan kuwa shiru ne ƙurmus, ko hucin babu, laifin yana ɓangaren lantarki, kuma wanke hed sau goma ba zai kawo komai ba.

Idan babu sauti sam

A fara da abin da ya fi araha. Na'urar da ke karanta sauti iri biyu tana da makunnin zaɓe tsakanin maganaɗisu da haske, wasu kuma suna da na zaɓen layin sauti na ɗaya ko na biyu, kuma sau da yawa wannan makunnin ne kawai ba ya wurinsa. Daga nan sai fis. Amfilifaya takan sami fis nata dabam da na injin, saboda haka inji yana iya juyawa fitila tana ci alhali amfilifaya a mace take. A cire fulogi, a zaro fis ɗin a auna shi da mita, a maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya. Fis ɗin da ya sake ƙonewa nan take yana nuna akwai abin da ya haɗe a ciki, kuma naɗa masa waya hanya ce ta ƙona taransifomar na'urar.

Sai ramin soka lasifikar waje ko abin sawa a kunne. A cikin wannan ramin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke yanke lasifikar ciki idan an soka wani abu, ya kuma mayar da ita idan an zare. Shekaru suna sa harshen ya yi tsatsa, sai lasifikar ciki ta zauna a yanke. A fesa maganin wanke mahaɗar lantarki kaɗan a ramin, a soka fulogi a zare sau da yawa. Ita kanta lasifikar ana gwada ta da batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi: a cire wayarta guda ɗaya, a taɓa ƙafafunta biyu da batirin na ɗan lokaci, lafiyayyiya za ta yi ƙwas. Idan za a sa ta waje, a duba lambar om, wato ma'aunin tirjiyar lasifika ga wuta, da aka rubuta kusa da ramin, galibi 8, kada a sa wadda ta gaza haka. Amfilifaya mai kwalabe kuwa, irin ta na'urorin da aka yi kafin zuwan taranzista, ba a kunna ta babu lasifika a haɗe.

A na'urorin maganaɗisu akwai dogon makunni a kan allon lantarki wanda ke sauya amfilifaya daga ɗauka zuwa saurare, yana da ƙafafu da yawa, kuma tsatsarsa ita ce sanadin shirun na'urori masu ɗimbin yawa. A cire fim gaba ɗaya, a cire fulogi, a fesa masa maganin, a danna maɓallin ɗauka a sake shi kamar sau ashirin ko talatin, a bari ya bushe kafin a kunna. Man fesawa na kwance tsatsar noti bai dace da nan ba, domin yana barin maiƙo da ke tara ƙura.

A na'urar haske kuma a duba fitilar sauti. Da yawa daga cikin na'urorin milimita 16 suna amfani da mai bolt 4 da amfiya 0.75, amma a bi abin da aka rubuta a gindin tsohuwar, domin ba ƙarfin wuta kaɗai ake dubawa ba, har da yadda zaren cikinta yake, a tsaye ko a kwance. Fitilar da ba irinta ba tana iya ci sarai amma haskenta bai faɗa kan tsagar gilashin ba, sai a sami sauti ƙasa-ƙasa ko babu.

Idan sautin ya dusashe ko ya yi ƙasa

Nan ne tsabta take aiki, kuma a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga ko cikin akwatin da aka kulle, wannan mataki ya fi kowane muhimmanci. Hed yana tara garin da ke kakkaɓowa daga layin maganaɗisu, garin ya haɗu da ƙura da tsohon mai ya zama ɓawo. Ɓawon da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya raba fim da hed, kuma sautuka masu kaifi su ne suke fara ɓacewa, shi ya sa ake jin muryar mutum amma ba a fahimtar abin da yake faɗa. A cire murfin da ke rufe wurin, a haska da tocila, a tsoma tsinken auduga na goge kunne a sifirit mai ƙarfi irin na masu gyaran waya, wanda kashi 90 ko fiye na cikinsa sifirit ne, a matse shi kada ya riƙa ɗiga, a goga a fuskar hed ta hanyar da fim yake bi. Audugar farko takan fito da launin tsatsa, ta biyu ta ɗan yi sauƙi, a ci gaba da canzawa har sai wadda ta fito fara. Ba a kankare hed da allura ko reza ko bakin sukudireba. Idan ɓawon ya ƙi fita, a jiƙa shi a jira, sannan a ture shi da tsinken sakace na itace. A bari wurin ya bushe sosai kafin a ɗora fim, domin sifirit yana iya ɓata layin da ke jikin fim.

A sama da hed akwai ƙananan madannai masu sifirin da ke tura fim ya manne da shi. A juya makunnin tafiya zuwa wurin haskawa da sauti ana kallo, a ga ko suna sauka. Idan sun maƙale saboda datti, ko sifirin ya fita daga gurbinsa, sautin zai yi ƙasa ko ya riƙa zuwa yana tafiya. Ana gane hakan idan aka ɗan danna madannin da tsinken itace fim yana tafiya, sautin ya washe nan take. Hed ɗin da ya ci aiki kuwa yakan yi kwari a daidai inda layin ke bi, ana ganinsa da madubin ƙara girma, kuma maganinsa sai dai a samo wani daga matacciyar na'ura irinta, tunda kamfanonin sun daina ƙera su, Eumig ma ya rushe tun farkon shekarun 1980. Sukudireba mai maganaɗisu a baki kada ta kusanci hed, domin hed ɗin da ya kama maganaɗisu yana ƙara huci, yana kuma rage kaifin sautin duk fim ɗin da ya bi ta kansa.

A na'urar haske, a zaro fitilar sauti bayan ta huce a dubi kwalbarta, idan ta yi baƙi daga ciki a canza ta ko da tana ci. A hure ƙura daga bakin gilashin sauti da abin hura iska na roba, a share da burushi mai laushi, sannan a goge fuskarsa da auduga mai ɗan danshin sifirit. Gashi guda ko ɗigon mai a wannan wurin ya isa ya rage sauti da rabi. Notunan da suka riƙe gilashin dai, waɗanda galibi za a ga an ɗiga musu fenti, a bar su yadda suke. An daidaita su ne a masana'anta da fim na musamman mai amo guda da kuma mita, kuma wanda ya motsa su da ka zai yi wuya ya mayar da su daidai. Haka notunan da ke riƙe hed. Wasu na'urorin, kamar Kodak Pageant, suna da ɗan hannu na daidaita kaifin sauti wanda aka yi don mai haskawa ya taɓa, saboda wasu finafinan an buga su ne ta ɗaya fuskar, wannan kam ana iya motsa shi har a ji inda sauti ya fi fita.

Idan sautin yana lilo ko yana karkarwa

Waɗannan cututtuka biyu ne masu kama da juna. Lilo shi ne amo ya riƙa hawa da sauka a hankali, karkarwa kuwa ita ce murya ta riƙa rawa da sauri kamar ana magana ta bayan fanka. Duka biyun suna nufin fim ba ya wucewa ta wurin karanta sauti da gudu ɗaya.

A fara da zaren fim ɗin. Idan lanƙwasar da ke ƙasan ƙofar hoto, wato wurin da fim ke wucewa a gaban fitila, ta tsuke, tsallen fim zai isa har wurin hed, sai karkarwa ta tashi tare da wata ƙara ta kaf-kaf daga na'urar. Yawancin na'urori suna da maɓallin mayar da lanƙwasa, masu zaren hannu kuma suna da zane a jiki da ke nuna girman da ya kamata ta kai. Lanƙwasar da ke yawan ɓacewa tana nuna hujojin fim sun yage ko fim ya tsuke, ko kuma haƙorin da ke jan sa ya tara datti.

Daga nan a kashe na'urar, a cire fulogi, a buɗe murfin baya, a kaɗa dunƙulallen ƙarfen nan da yatsa. Lafiyayye zai ci gaba da juyawa shi kaɗai na ɗan lokaci, shiru, ya tsaya a hankali. Wanda ya tsaya da zarar an ɗauke yatsa, mansa ya bushe ko ya daskare. A goge tsohon man da sifirit, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane gefe na mazauninsa, a kaɗa shi har man ya shiga, a goge abin da ya tsiyayo. Ɗigo ɗaya ake nufi, domin man da ya yi yawa zai gangaro kan sandar da fim yake bi, fim ya riƙa sulɓewa, lilon ya fi na da. Ita wannan sanda, da gangar da fim ke naɗewa a kai a na'urorin milimita 16, a wanke su da sifirit har su bushe ƙayau.

Rolar roba mai danne fim ita ce ta biye. A taɓa ta da farce: mai kyau tana da ɗan taushi tana kama yatsa, wadda ta tsufa kuwa ko ta ƙandare tana sheƙi, ko ta narke tana danƙo, ko ta lotsa a gefe ɗaya saboda an ajiye na'urar shekaru makunninta yana wurin tafiya. Rolar da ta lotsa tana ba da lilo mai dawowa a kan ƙa'ida, sau ɗaya a kowane juyi. Mai datti kawai ana goge ta da tsumma mai ɗan ruwan sabulu a shanya, wadda ta lalace kuwa sai canji, kuma dole faɗinta da kaurinta su zo daidai da na asali.

Bel ma haka. A wasu na'urorin Japan na shekarun 1970 robar takan narke ta zama baƙin kwalta mai manne wa yatsa da duk abin da ta taɓa, kuma zafin ƙasarmu yana gaggauta hakan. Sai an kankare ta tas daga cikin kwarin gargaren da bel ɗin ke hawa, da tsinken itace da sifirit kafin a sa sabuwa, in ba haka ba sabuwar za ta riƙa tsalle a kan ragowar. Idan tsohon bel ya tsinke ko ya ɓace, a zagaya zare ta hanyar da yake bi a auna tsawonsa, a nemi wanda ya ɗan gaza haka kaɗan, siffarsa kuma ta dace da kwarin, mai zagaye ko mai kusurwa huɗu ko shimfiɗaɗɗe. Bel ɗin da ya yi tsauri da yawa yana wahalar da inji yana cin mazauninsa. Samfuran Eumig da dama ba bel ke tafiyar da su ba, ƙarshen sandar injin ne yake gogar wasu faifai biyu masu fuskar roba, kuma idan robar ta yi santsi na'urar takan daɗe kafin ta kai cikakken gudu. Ana goge fuskar robar, a ɗan dakushe sheƙinta da sanfefa mai laushi ƙwarai, a kuma duba robobin da suka riƙe injin, domin sukan farfashe su sa ya karkace. A na'urorin Bell & Howell na milimita 16 na baya-bayan nan kuwa akwai wata giya ta roba mai tauri da ta yi suna wajen tsagewa, idan aka gan ta da tsaga kada a ci gaba da kunna na'urar, canza ta aikin gwani ne.

Tsohon giris da ya koma kamar busasshen sabulu a kan giyoyi yana rage gudu, musamman da sanyin safiya. A wanke shi a sa sabo kaɗan wanda ba ya cin roba. Bayan haka a auna gudun da agogo: fim na milimita 16 yana cin ƙafa 36 a minti ɗaya a gudun hotuna 24 a daƙiƙa, Super 8 yana cin ƙafa 20 a gudun 24, ƙafa 15 a gudun 18. A auna wannan tsawon a kan fim ɗin gwaji, a yi alama a farko da ƙarshe, a bar na'urar ta ɗumama na 'yan mintuna, sannan a duba ko minti guda ya ɗauka.

Idan baki da murya ba sa tafiya tare

Wannan kusan kullum girman lanƙwasar ƙasa ne. Idan ta yi girma baki yakan riga murya, idan ta yi ƙanƙanta murya takan riga baki. A sake zaren fim ɗin bisa zanen da ke jikin na'urar.

Gurnani da ƙaraf-ƙaraf

Ƙaraf-ƙaraf da ke tashi lokacin da ake murɗa ƙarar sauti datti ne a cikin mamurɗin, fesa ɗaya ta ƙaramar kafar da ke bayansa da murɗawa gaba da baya sun ishe shi. Wata ƙara kuma ta burrr mai sauri a na'urar haske tana nufin hasken yana karanta hujojin fim ko gefen hoto, ko dai fim ya kauce daga kan rolar da ke saita shi, ko kuma an ɗora fim marar sauti mai huji gefe biyu an bar fitilar sauti a kunne.

Gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa shi ne yake buƙatar a yi masa tambaya. A mayar da ƙarar sauti ƙasa gaba ɗaya. Idan gurnanin yana nan bai ragu ba, manyan kafasitocin da ke tace wutar amfilifaya sun bushe, abin da ake sa rai ga kayan da suka haura shekara arba'in. Idan kuwa yana ƙaruwa ne tare da murɗawa, yana shigowa ne ta gaba: wayar hed da rigarta ta tsinke, ko murfin ƙarfen da ke kare hed da aka cire ba a mayar ba, ko wayar ƙasa da ta saki. Wasu na'urorin suna da ƙananan naɗaɗɗun wayoyi kusa da hed waɗanda aka karkata su da gangan don su kashe gurnanin inji da taransifoma, kuma hannun mai shara yakan ture su ba da sani ba. Gurnanin da ke fitowa a ɓangaren haske kaɗai yana iya zama hasken fitilar ɗaki ne, musamman doguwar farar fitila, yake faɗawa kan idon karanta sauti, saboda haka a kashe wutar ɗakin a mayar da murfi a saurara. Idan bai tafi ba, kafasitar da ke tace wutar fitilar sauti ce.

Canza kafasita ba shi da wuya ga wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma. Ana duba wadda ta kumbura a kai ko ta zubar da ruwa a gindi, ko da yake da yawa sukan mutu ba tare da wata alama ba. Sabuwar ta zo da lambar girma iri ɗaya, lambar bolt kuma daidai ko sama da ta tsohuwar, a kuma ɗauki hoton allon da waya kafin a cire komai, domin kafasitar da aka juya ƙafafunta takan fashe. Sai dai kafasita tana riƙe wuta bayan an cire fulogi, kuma a amfilifaya mai kwalabe wutar takan kai ɗaruruwan bolt, wasu tsofaffin na'urorin Amurka ma jikin amfilifayarsu yana iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Wanda bai saba ba ya kai wa tsohon mai gyaran rediyo, irin waɗanda suka yi zamani da kaset, ya kuma gaya masa abin da ya riga ya gwada da irin ƙarar da yake ji, ya roƙe shi kada ya taɓa notunan hed da na gilashin sauti.

Bayan an gama, a bar na'urar ta yi aiki babu fim na kamar minti goma, a shinshina ko akwai ƙauri, sannan a wuce da fim ɗin gwaji sau biyu a duba jikinsa a gaban haske ko ya sami sabon karce ko maiƙo. Sai ya fito lafiya ake ɗora fim na iyali. Wajen ajiya a mayar da makunnin tafiya wurin tsayawa don rolar roba ta saki sandar, a rufe na'urar a ɗakin da ba ya zafi, a kuma riƙa kunna ta na 'yan mintuna duk bayan wata biyu ko uku don mai ya zagaya, mahaɗan lantarki kuma kada su yi tsatsa.